Tabarmar Uwani ta Farko

A Yamai aka fara rage mini kaya. Na sauka a tasha daga kar, babbar motar Damagaram, ƙafafuna a kumbure, sai ga wani mutum da riga mai tsabta ya tare ni da "Sannu da hanya, Hajiya," ni da ban taɓa zuwa Makka ba. Ya ce shi ma ɗan Damargu ne, ya jero sunayen garuruwanmu, Falanko, Tanut, Belbeji, kamar mai biya karatu. Ya ce in je in yi alwala, zai tsare mini kaya. Da na dawo na tarar da damin kabata da jakar tufafi, amma ƙullin cukun da na sayo wa 'yata a Tanut ya tafi tare da ɗan Damargun. Ban yi kuka ba. Na zauna a kan damin kabar, na ce wa kaina daga yau duk wanda ya fara da yabo, hannunsa zan riƙa dubawa.

Wurin 'yata za ni. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ban iya kiran sunan, Uwani nake ce mata. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yana, kuma lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ta tun tana ƙarama, daga ƙauyenmu kusa da Falanko zuwa Tanut, zuwa Damagaram, har ta kai Maroko tana karatun zanen gini. Ita ta kira a salula ta ce malamanta suna son ganina, buro, wato ofishin da take koyon aiki a ciki, ya biya jirgi, in taho da kaba. Na tambaye ta me mai gini zai yi da kaba, ta yi dariya ta ce in na zo na gani.

Yayata Zinaru ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mutanen da ba su san ki ba sun biya miki jirgi. Fuskarki suke son gani? Ki kula da abin Inna."

Abin Inna shi ne saƙar jego. Tabarma ce da ba a shimfiɗawa, ratayewa ake yi a ƙofar ɗakin mai jego. Ƙasanta a matse yake, iska ba ta ratsawa ta taɓa jariri. Tana hawa idanunta na buɗewa kaɗan kaɗan, har can sama hayaƙin wutar jego ya sami mafita, haske ya shigo. Ba ma kai ta kasuwa, kuma ba a koyar da ita da baki. Mai koyo za ta zauna gefen mai koyarwa ta saƙa da hannunta, tabarmar farko da ta gama ta ajiye ta a gaban wadda ta koya mata. Kafin wannan saƙar ba tata ba ce, ba ta da ikon nuna wa kowa. Bayan wannan ta zama tata. Inna ta koya mana ni da Yaya Zinaru. Yaya maza ta haifa. Ni kuwa tawa ɗaya alƙalami ta riƙe, ba ta taɓa tsage kaba ba.

A filin jirgin Kazablanka aka rage mini kaya na biyu. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya yanke igiyar damin, ya zaro kaba ya shinshina, ya nuna mini hoton ganye da jan layi a kansa. Na yi masa bayani da Hausa, ya yi mini da Larabci, irin wanda ba na salla ba. Har kujera ya ba ni. Sannan ya ɗauki damin duka, kabar da na zaɓa ɗaya ɗaya na shanya a inuwa, ya jefa a wata babbar durom. Na tsaya ina kallon durom ɗin don in ga wanda zai zo ya ɗauka, domin ban yarda zubarwa za su yi ba. Daga baya Uwani ta ce tsoron ƙwari suke yi. Na ce to, ashe ƙwarin Falanko sun yi suna.

Na same ta a bakin ƙofar fita, ta rame, cikin wata doguwar rigar sanyi. Ta rungume ni a gaban mutane, na ji kunya, amma ban ture ta ba.

Jirgin ƙasa ya kai mu Rabat. Ɗakinta yana can saman bene, ba tsakar gida, ba rumfa, ba inda mutum zai miƙe ƙafa ya ga sama sai ya hau kan soro. Sanyin garin mai jiƙa ne, daga teku yake zuwa ya shiga ƙashi. Abin da ya fi damuna shi ne safiya. Zan farka in kasa kunne in ji daka, babu. Ba turmi ko ɗaya a garin nan. Burodi da safe, burodi da rana. Na riƙa tunanin furar gero da nonon Fulanin Tanhiya har yawu ya taru a bakina ina kan sallaya.

Ranar Juma'a aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce mai ɗakin da ke kallon namu, Lalla Zuhra, da faranti cike da kuskus da kabewa. Ta yi ta magana tana dafa ƙirjinta tana dafa nawa. Da ta tafi na ce wa Uwani, "Me take so?"

"Ba komai, Iya. Haka take yi duk Juma'a."

"Ci ke tukuna."

Ta ci tana dariya, na jira, sannan na ci. Da daɗi. Abin da ya tsaya mini shi ne mayar da farantin, domin a wajenmu ba a mayar da kwano wayam, kuma cukun da zan sa a ciki yana cikin ɗan Damargun tasha.

Sai ranar zuwa buro. Mai wurin Mushe Karim ne, dogo mai furfura a gemu. Uwani tana fassara mini. Ya ce sun daɗe suna jiran babbar malama, hannuna ya fi injinansu duka daraja. Na ce na gode, na dubi hannunsa. Salula ce a ciki.

Suka zaunar da ni gaban wani allon gilas mai faɗin ƙofa. Uwani ta taɓa na'urar da suke kira ordinatar, sai ga bangon gini ya fito, fari, dogo. Ban yi dogon kallo ba na gane shi. Matse a ƙasa, ido na buɗewa yana hawa. Saƙar jego ce aka tsayar, aka yi mata girman masallaci.

"Ina kika samo wannan?"

"Tsohuwar tabarmar ɗakinki, Iya. Da na zo hutu na ɗauki hotonta."

Ta ce in duba. Ta ja wani ɗan abu a gefen allon, idanun bangon duka suka buɗe tare kamar an hura musu iska. Ta mayar, suka tsuke. Ta ce ita ba ta zana ramukan ɗaya ɗaya, ƙa'ida take ba na'urar, na'urar ta saƙa bangon da kanta. In ta gaya mata hanyar rana a Tanut, sai ta matse inda rana ke duka, ta saki inda iska ke zuwa. In ta canja tsawon ginin, saƙar ta gyara kanta. A gabana ta fitar da bango iri iri, mai lanƙwasa, mai zagaye, duk 'ya'yan tabarmar Inna, cikin lokacin da ni ko kaba ban gama jiƙawa ba.

Mutanen buron suna kallon fuskata suna jiran in yi murna. Ni kuwa Yaya Zinaru nake ji a kunnena.

Abin da suke so shi ne wannan. Hoto fuskar tabarma kawai ya nuna, bai nuna yadda hannu ke tafiya ba. Suna son in saƙa a gaban kamera tun daga farko har sama, su ga ƙa'idar gaskiya su sa a na'ura. Tun da kabata ta tafi, sun tanadi tsage-tsagen roba masu launi. Na ɗauki ɗaya na juya, na ajiye. Na ce sanyi ya kama mini yatsu. Mushe Karim ya ce ba gaggawa, ya sa aka kawo shayi mai na'ana'a. Muna fita na ga wani hoto a bango kusa da ƙofa, babban gida a bakin teku, Turawa kwance a gefen ruwa da guntayen tufafi, bangon bayansu da idanun da na sani.

Na yi ta ciwon yatsu. Kullum Uwani ta tambaya, in ce da sauƙi amma da saura. Wata rana da yamma ta dawo ta same ni ina wanke tukunya da ƙarfina. Ta ajiye jaka ta tsaya.

"Iya, hannunki lafiya yake. Jiya ma ke kika yi mini kitso."

Na ci gaba da wanke-wanke.

"Ranar da zan kare aikina gaban malamai ta matso. In babu wannan, abin da nake da shi hoto ne kawai. Kin sha wannan hanya duka don ki zauna a ɗaki?"

Na ɗauraye hannu na zauna, na ce ta zauna. Na gaya mata abin da ta sani tun tana yarinya amma ta ɗauka zancen tsofaffi ne. Na ce ni ba zan nuna wa kamera ba, kamera ba ta da hannun da za ta kawo mini tabarmar farko. Ita ma da ta ɗauki hoto ta nuna wa mutane, abin da ba nata ba ta nuna.

"Ni ba 'yarki ba ce?"

"'Yata ce ke. Ni ma 'yar Inna ce, amma sai da na ajiye mata tabarma."

"Ɗakin haihuwa nake zanawa, Iya. Kin san irin waɗanda ke wajenmu, rufin kwano, mace na naƙuda zafi na dafa ta. Me Inna ta saƙa tabarmar domin shi in ba wannan ba?"

"Gidan bakin tekun nan fa? Shi ma ɗakin haihuwa ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce otel ne, Mushe Karim ya gwada ya gani ne kawai, ba ta amince ba.

"Ya tambaye ki kafin ya gwada?"

Ta tashi ta kife tukunyar da na wanke. Aka kira magariba. Bayan mun idar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In na saƙa, sai me?"

"In kin saƙa kin ajiye, taki ce. Ki ba kamera, ki ba Mushe, ki jefa a teku. Ba ni da baki."

"Ba za ta yiwu da roba ba?"

"Kaba."

Kaba kuma ina a Rabat? Lalla Zuhra ce ta warware. Uwani ta yi mata bayani, washegari tsohuwar ta zo ta kama ni a wuyan hannu kamar akuya. Ta shigar da ni tsohuwar kasuwa, lungu cikin lungu, inda mutum biyu ba sa wucewa tare. Na ƙulle 'yan kuɗina a bakin zane, ina haddace hanya, ina cewa a raina in an sayar da ni a nan Uwani ba za ta taɓa gano wurin ba. Sai muka ɓulla gaban wani tsoho mai sayar da tsintsiya da kwanduna. A bayansa ga damin kaba. Gajera ce, ta fi tamu tauri, amma da na kai ta hanci na ji rumfar Inna. Na daɗe riƙe da ita. Lalla Zuhra ta yi ta faɗa da tsohon a kan farashi kamar za su daki juna, sannan suka rabu da dariya. Abu na farko da na saƙa da kabar nan faifai ne, na rufe farantinta na mayar mata. Ta sumbaci goshina.

A kan soro muka zauna, tsakanin igiyoyin shanya, duk yamma in ta dawo daga buro. Na nuna mata tsagewa da farce, na nuna mata jiƙawa. Kaba ta yanke ta tun ranar farko, ta sa yatsa a baki ta ce wannan ai wuƙa ce. Tana saƙa tana ƙirgawa da Faransanci, na ce ta rufe baki, hannu ne zai ƙirga. Ta ce ita in ba ta ƙirga ba ba ta ganewa. Na ce to ta ƙirga a ciki. Ta saƙa taki guda, na duba, na warware. Ta sake, na warware.

"Iya, da gangan kike yi."

"Kakarki warwarewa take yi ta kuma dungure ni. Ke kin samu sauƙi."

Akwai ranar da ta jefar da kabar ta sauka, na ji tana kuka a ɗaki. Ban bi ta ba. Na zauna ina kallon tsuntsayen teku, ina tambayar kaina ko ina kashe wa yarinya karatun shekaru ne saboda tabarma. Na kuma tambayi kaina wa zai rataye wa jikokina wani abu a ƙofa in na mutu. Can ta hawo da idanu jajaye, ta ɗauki kabar daga inda ta yar.

Mushe Karim ya zo dubiya wata Asabar da kwalin kayan zaƙi. Da na ji muryarsa a matakala na yafa mayafina a kan saƙar. Ya gani, ya yi murmushi, ya kifa salularsa a kan bango ya ɗaga hannu biyu. Ya ce kakarsa ma a ƙauyen kan duwatsu take, darduma take saƙawa, kuma ba ta yarda baƙo ya tsaya a bayanta. Wataƙila gaskiya ne. Ɗan tasha ma ya san sunan Falanko. Ban ɗage mayafin ba har ya tafi, kuma ban sani ba ko salular da ya kifa a kashe take.

Da muka kai inda ido ke fara buɗewa, sai na ɗora hannuna a kan nata na tafiyar da shi. Sau ɗaya, sau biyu, na saki. Ta yi shi da kanta, ta tsaya, ta juya tabarmar ta dubi bayanta.

"Ashe ba ramin ake buɗewa ba. Kabar ake tsagewa ta rage faɗi, abin da aka rage a naɗe shi baya ya riƙe jikin." Ta dube ni. "Ni kuwa ramin na ce wa na'ura ta faɗaɗa. Shi ya sa saman bangona ba shi da abin riƙo."

Na ce ban san na bango ba, ta ci gaba da abin da ke hannunta.

Ta gama ana saura kaɗan ranar malamanta. Tabarmar ba ta kai tsawon ƙofa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, tsakiyarta ta yi ciki, akwai ɗigon jini a wuri biyu. Ta naɗe ta, ta durƙusa a gabana a kan soron mutane, ta ajiye.

"Iya, ga tabarmarki."

Na buɗe na bi ta da yatsa daga ƙasa har sama. Ba kyau, amma ba ƙarya a ciki, ko'ina hanyar ta bi. Na ce, "Na karɓa. Saƙar taki ce."

Kamera ta ɗauki hannu a ƙarshe, amma na Uwani ne, da tabon kaba a yatsu. Ni ina gefe, nawa a cikin mayafi. Bayan ta gyara ƙa'idarta ta kira ni gaban allon, ta sa rana ta fito ta bi ta kan ginin daga safe zuwa yamma. Na ga ɗigon haske sun sauko a ƙasan ɗakin suna tafiya a hankali, ƙasan bangon kuwa inuwa ce, inda gadon jariri zai zauna. Haka nake ganinsu ina kwance a ɗakin Inna lokacin da na haifi wannan yarinya. Na ce ta kashe, idona ya gaji.

Malamanta sun karɓi aikin. Ta ce ta gaya wa Mushe Karim ɗakin haihuwa ne farko, otel kuwa a'a, ya ce in sha Allahu. Ta tambaye ni ko na yarda da shi. Na ce yanzu ba ni da baki, amma ta riƙa duba hannunsa. Har yau ginin yana cikin na'ura, ba a aza tubali ba, kuma ban san abin da ke tsaye a bakin wancan teku ba.

Da zan dawo na naɗe tabarmar a cikin sallayata na rungume ta. Ma'aikacin duwan ya kai hannu, ya ga sallaya ce, ya janye.

Da na iso gida Yaya Zinaru ba ta bari na sha ruwa sosai ba. Ta kore jikoki, ta ja ƙofa.

"Kin ba su?"

"Ban ba kowa ba sai ɗaya."

Na warware sallayar na miƙa mata. Ta riƙe tabarmar da yatsu biyu ta ɗaga ta ga haske.

"Wa ya yi wannan ɓarna? Kuma wannan wace irin kaba ce, kamar ta tsintsiya?"

"Ta tsintsiya ce. Uwani ta saƙa."

Ta zauna. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta juya bayanta, ta bi naɗin da babban yatsa har inda ido ya fara buɗewa. Nan ta tsaya, ta koma ƙasa, ta sake hawa. Ta daɗe a wurin.

"Da hagu take ja," in ji ta.

Ban lura ba, duk zaman da muka yi a kan soron nan. Ni da Yaya da dama muke ja.

"Da hagu," ta sake cewa, muryarta ta yi ƙasa. "Kamar mai sunanta."

Ta tashi ta ɗauko igiya, ta rataye ta a ƙofar ɗakina da kanta, duk da ba mai jego a gidan, kuma tabarmar ba ta rufe rabin ƙofar ba.